Zaren da Muhibbat Ta Yanke

Shagona na kitso da shagon ɗinkin Muhibbat bango ɗaya ne ya raba su a nan Bukan Sidi, bangon ma na falanki, in ta yi atishawa ina ji. Saboda haka in na ce na san halinta, ku yarda da ni. Mace ce mai hannu, ɗinkinta in ya hau jikinki sai ki yi ta neman madubi. Amma tana da cuta guda wadda ba ta jin magani: ba ta iya ganin zare yana reto. Akwai wani ɗan almakashi da take ratayawa a wuya da jan ƙyalle, tun ta buɗe shago har ta rufe. Kina tsaye kuna gaisawa, idonta na kan gefen hijabinki, kafin ki ce "ya aiki" kin ji ƙyas, ta yanke. Ta taɓa tare mai kawo mana piya wata da kaya a kafaɗa ta datse masa zaren aljihu, bawan Allah ya daka tsalle ya zaci kunama ce. 'Yan koyonta kuwa sun sha faɗa a kan wannan. In kika kawo mata riga da silin zare ɗaya a hammata, jefo miki abarki za ta yi ta ce ba ki gama ba.

Ni Barira na girme ta, 'ya'yana biyar, shi ya sa take ce mini Yaya. Ita kuwa ta doshi shekara shida a gidan Malam Kalilu, mai motar ɗauko doya daga Assakio, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Kalilu mutumin kirki ne, wallahi ban taɓa jin ya goranta mata ba. Abu ɗaya yake roƙonta, su je asibiti a duba su, ita kuma ta ƙi ƙememe. Dalilinta, wata gwaggonta ta taɓa shiga asibiti da ciwon mara, ta fito babu mahaifa. Tun daga nan Muhibbat ta sa wa ranta cewa duk macen da ta hau gadon nan aka leƙa ta, da mummunan labari za ta sauko.

"Yaya, gara in zauna ban sani ba," haka take ce mini. "Muddin ba wanda ya ce mini babu, to akwai."

Duk wata in fashin salla ya zo mata ba sai ta faɗa mini ba. Zan ji rediyonta ta yi shiru, keken ɗinki kuma na gudu kamar zai tsinke bel. Kuma abin ba da wasa yake zuwa mata ba, zuba yake yi. Bara a wajen sunan wata kwastoma ta tashi daga farar kujerar roba ta bar shaida a kai, mata suka yi ta kawar da ido. Ta daɗe ba ta iya bi ta layin nan.

To, ana nan sai ga firidom. Firidom ita ce ranar da tela ke yaye 'yan koyo, kuma a layinmu ba ƙaramin biki ba ne. A kafa kanofi, a jera kujeru, iyaye su zo da shinkafa da lemo. Madam za ta zauna a gaba cikin farin leshi, fari tas, haka telolin nan suka gada daga iyayen gidansu. 'Yan koyo su durƙusa ɗaya bayan ɗaya, ta ɗan buga musu rula a tafin hannu, dukan ƙarshe ke nan, sannan ta miƙe tsaye ta ba kowacce almakashi da tef ta sa mata albarka. Zauna, tashi, zauna, tashi, ga mai hoto yana zagaye ki ta gaba ta baya. 'Yan mata uku za ta yaye, kuma wannan ne karonta na farko.

Ana gobe firidom na ji rediyo ta yi shiru. Na ce inna lillahi, na bar kan da nake kitsewa na zaga. Na same ta zaune ta zuba wa farin leshin ido, yana rataye a hanga.

"Ya zo?" na ce.

"Ya zo, Yaya. Bai ma jira lokacinsa ba. Gobe ne kuma ranar zubar."

Muna cikin haka Sista Doofan ta faɗo shagon karɓar rigarta ta zuwa coci. 'Yar Tibi ce, nas kuma unguwarzoma a wani ƙaramin asibiti can bakin gari, ta hanyar Assakio. Mace ce gajera mai murya, Hausarta irin ta kasuwar Lafia, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta.

"Madam, wa ya mutu? Me ya sa ka yi fuska haka?"

Muhibbat ta yi ƙasa da murya ta faɗa mata. Sista ta yi tsaki ta zuge jaka, ta ciro wata leda da wasu 'yan abubuwa farare a ciki, kowanne kamar guntun allin makaranta, a naɗe da 'yar ledarsa.

"Wannan tamfon ne. Auduga ne shi ma, amma ciki ake tura shi, yana shanye jini tun bai fito ba. Ka wanke hannu, ka ɓare, ka tura da yatsa. Ka ƙara da pad don hankali ya kwanta. Zuwa la'asar ka canja, kada ka bar shi ya daɗe."

Sai wayarta ta yi ƙara, wai an kawo mai naƙuda. Mai okadan da ya kawo ta kuma yana ta danna hon a waje. Ta suri rigarta tana cewa, "Gobe da safe ka kira ni kafin ka sa, zan yi maka bayani sosai." Ta haye mashin, sai ƙura.

Ni dai na faɗi nawa. Na ce, "Ke Muhibbat, mu da ƙunzugu muka girma, pad ma da kyar muka yarda da ita. Abin da za a tura ciki ya zauna wuni guda, ni ban gane masa ba." Ta juya abin a tafin hannunta, ta kalli leshin, ta sake kallon abin. Na ga tsoro biyu na kokawa a fuskarta, na leshin ya yi nasara.

Da safe ta kira Sista ta sake kira, waya ba ta shiga. Masu kanofi sun iso, iyaye sun fara sauka daga keke napep da kuloli. Ta ɗauki buta ta shiga banɗakin bayan shaguna, ni ina tsaye a ƙofa ina gadi. Ta ɗan jima, ta fito tana takawa a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Ta je ƙarshen lungu ta dawo, ta zauna a benci, ta tashi, sai ta zaro ido.

"Yaya! Ba na jin komai fa!"

"To ai shi ke nan, sai ki je ki sa leshinki."

Biki ya yi kyau, ba zan rage masa komai ba. Muhibbat ta zauna a gaba fes da ita, ɗan almakashinta a wuya a kan leshin, don ta ce ko yau ba za ta cire shi ba. Duk sanda ta miƙe sai ta ɗan waigo ta kalle ni, ni kuma na kafa kujerata daidai bayanta, sai in ɗaga mata babban yatsa. Ta buga rula, ta miƙa almakasai, uwar wata 'yar koyo, Mutmainna, ta fashe da kuka ta rungume ta. Har rawa ta taka da aka sa kiɗa, Muhibbat da ko a bikinta ba ta yi rawa ba. Malam Kalilu na gefe cikin shuɗin kaftanin da ta ɗinka masa, yana ta washe baki yana raba wa maza lemo. Leshi ya tashi fari kamar yadda ya zauna.

Bayan la'asar mutane suka watse, Kalilu ya fara loda kujeru a motarsa zai mayar wa masu haya. Muhibbat ta ɗauki buta da ledar Sista ta zaga baya. Na share gaban shago, na kwashe robobin lemo, shiru. Na gama ninke tabarma, shiru. Sai na ji murya ƙasa-ƙasa ta bayan falanki.

"Yaya Barira. Zo."

Na same ta ta jingina da bango, fuskarta ta yi toka, gumi na bin wuyanta.

"Ba ya nan," ta ce.

"Me ne ba ya nan?"

"Abin. Na nema, ban same shi ba. Ya wuce ciki."

Na dake. Na ce ta miƙo ledar in ga yadda abin yake, don ni tunda nake ban taɓa ɓare shi ba. Na ɗauki ɗaya na ɓare. Ina ɓarewa sai wani farin zare ya warware daga gindinsa ya sauko yana reto. Wallahi, a cikin wannan tashin hankalin, da idona na ga hannun Muhibbat ya tafi wuya.

Na kalli zaren, na kalli hannun, na kalle ta.

"Muhibbat. Na safen, yana da wannan zaren?"

"Yana da shi."

"Ina yake?"

"Na gyara shi." Ta faɗa da 'yar murya. "Na ɗauka 'yan kamfani ne ba su gama aikinsu ba. Yaya, zare ne fa yana reto haka kawai."

"Kin gyara shi! La'ilaha illallahu! Ke da me kike so a jawo shi, da addu'a?"

Dariya ta taso mini har maƙogwaro, amma da na ga idonta sai ta koma. Muhibbat ta sulale ta tsuguna, farin leshi a ƙasan banɗaki, ko ta kansa ba ta bi ba.

"Ya shige mahaifa," ta ce. "Wunin nan ina zaune a kansa, ina tashi ina zama, har da rawa. Ni na tura shi da kaina. Yanzu ya toshe hanyar. Dama ya lafiyar hanyar, yanzu na toshe ta da hannuna. In na je asibiti yanka ni za su yi, su cire gaba ɗaya kamar na Gwaggo. Yaya, me zan ce wa bawan Allahn nan? Shekara shida yana haƙuri da ni, in ce masa saboda leshi?"

Tausayinta ya kama ni. Kuma gaskiya ni ma ban san iyakar wurin ba. Na haifi biyar, amma duk fitowa suka yi, ban taɓa tambayar ina hanyar ta tsaya ba.

Na ce ta tsuguna sosai ta yi nishi kamar mai haihuwa, ta sake gwadawa. Ta gwada, jikinta ya ƙame ƙam don tsoro, ba abin da ta iya kamowa. Na ce ta yi tsalle daga dakalin banɗaki ko zai sauko. Ta yi sau biyu, ɗankwali ya faɗi, abu bai faɗo ba. Har na ce bari in aika a samo miyar kuɓewa ta sha, ko yauƙi zai taimaka. Ta ɗago jajayen idanu ta kalle ni.

"Yaya, ta ina miyar za ta bi ta je can?"

Na ce, "Ke da kika yanke zare, ba ki da bakin gyara mini ilimi."

Muka sake kiran Sista, waya ba ta shiga. Na ce to tashi, asibitin za mu. Ta riƙe ƙofa ta ce ita ba inda za ta, gara ta bar shi a ciki ta zauna da shi. Nan fa raina ya ɓaci. Na ce, "Matar nan da bakinta ta ce kada ya daɗe. Za ki zauna da shi ya zame miki ciwo? In ba ki tashi ba, yanzu zan ƙwala wa Malam Kalilu kira, ya zo ya ciccibe ki gaban masu kanofi." Ta ce in rantse ba zan faɗa masa abin da ya faru ba. Na rantse. Na jefa mata hijabina, muka bi ta lungu muka tare keke.

Tafiyar nan ba zan manta da ita ba. Muhibbat ta ƙi zama, wai zama ne ke ƙara tura shi. Ta dafa ƙarfe da hannu biyu ta ɗage jikinta sama da kujera, kanta na bugun rufi. Duk ramin da muka faɗa sai ta ce "Ya Salam, ya ƙara hawa." Mai keken, wani dattijo ɗan ƙabilar Eggon, ya yi ta leƙen mu ta madubi, can ya kasa haƙuri ya ce, "Madam, maruru ne?" Na ce masa e, babba ma, ya duba gabansa. Wayata kuma na ta ruri a jaka, Malam Kalilu ne. A kira na ba-adadi na ɗauka na juya baya, na ce masa muna hanyar asibitin Sista Doofan, ba wani abin tashin hankali ba ne, na kashe. Ko ji ba ta yi ba, tana can tana salati.

Mun samu Sista a baranda tana wanke hannu a bokitin famfo, da gani ba ta runtsa ba tun jiya. Wayarta na can a kan taga, ba caji. Ta ga Muhibbat cikin leshi da hijabi a karkace, ta ce, "Ah ah! Madam firidom! Ya zuba?"

Ni na ja Sista gefe na zayyana mata. Ta saurara har na kai wurin "na gyara shi", sai ta dafa bango. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani ta yi ƙoƙari, ta cije leɓe, kafaɗunta na rawa. Can ta fashe, har tana buga cinya.

"Ka yanka! Chai! Madam Tela, ka yanka igiya!" Ta share hawaye. "Abeg ka yi haƙuri, laifina ne, na gudu ban gaya maka ba. Igiyan nan da shi ake ja a cire. Zo, zo, ƙaramin abu ne."

"Ya shige mahaifa, Sista," in ji Muhibbat. "Don Allah kada ki ɓoye mini."

Sista ta daina dariya. Ta kamo gaban leshin Muhibbat ta nuna wani ɗan ramin maɓalli a wuyan rigar.

"Ka ga wannan rami? Bakin mahaifa bai kai shi ba, kuma a rufe yake, sai naƙuda ke buɗe shi. Tamfon ba zai iya wucewa ba ko ka yi rawa har gobe. Hanya ce mai iyaka, yana nan zaune yana jiran ka. Ka ji tsoro ne, jiki ya matse, shi ya sa hannunka bai kai ba."

Ta buɗe wani ɗaki. Ga gadon nan da baƙar leda a kai, ga fitila mai dogon wuya, ga tire da ƙarafa. Muhibbat ta kai bakin ƙofa ta toge. Na ji hannunta a nawa ya yi sanyi kamar ƙanƙara. Shekara shida mijinta na lallashi bai kawo ta ƙofar nan ba.

"Ba zan taɓa ka ba sai ka ce to," in ji Sista. "Duk abin da zan yi, zan faɗa tukuna. Yayanka zai tsaya a kanka. Amma ka fara cire wannan makami a wuya, ban yarda da kai ba."

Muhibbat ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da kuka, ta cire almakashin ta ba ni. Ta hau. Na tsaya wajen kanta na riƙe mata hannu, ta runtse ido tana karanto duk addu'ar da ta iya, har da ta shiga kasuwa. Sista ta sa safar hannu tana ta surutu, ja numfashi, saki jiki, yanzu za ka ji sanyi kaɗan, wa ya dafa shinkafan biki, an rage mini? Ban gama ba ta amsar shinkafar ba na ji wani abu ya faɗa cikin kwano.

"Ga ɗan iskan," in ji Sista. "An gama."

Muhibbat ta buɗe ido ɗaya. "An gama me?"

"An cire. Ka tashi ka je ka ci shinkafa."

Ba ta tashi ba. Ta kwanta nan tana kallon silin, ƙirjinta na hawa yana sauka, ta ƙara matse mini hannu har zobena ya shige nama. Na san akwai magana, don na san yadda take yi in za ta yanka yadi mai tsada, sai ta daɗe tana riƙe da almakashi a buɗe.

"Sista," ta ce a hankali, "tunda kin riga kin leƙa. Me kika gani?"

Sista ta cire safar hannun ta jefa a kwandon shara, ta jawo kujera ta zauna daidai fuskarta.

"Abin da idona ya gani, lafiya yake. Bakin mahaifa yana nan, ba ciwo, ba komai. Ba zan yi maka ƙarya in ce na ga har ciki ba, wannan sai hoto da gwajin jini. Jinin nan da kake zubarwa da yawa, ya kamata a duba shi, mata da yawa suna da shi kuma ana magani. Ba wanda zai cire maka komai ba da yardanka ba. Kuma Madam, haihuwa aikin mutum biyu ne. Ka zo da oga, shi ma a duba shi. Ran Litinin likita yana zuwa."

"Wannan da kika yi mini yanzu, shi ne duban?"

"Shi ne farkonsa. Sauran ma bai fi haka ba."

Muhibbat ta rufe fuska da hijabina ta fashe da kuka, kuka sosai irin na wanda aka sauke wa kaya. Ni ma na taya ta, ba zan ɓoye ba. Tana kukan tana cewa, "Wannan ne? Yaya, wannan nake gudu?" Can kukan ya juye dariya, muka haɗu mu uku muna yi, har wata mai jego ta leƙo daga ɗakin gefe ta ga ko lafiya.

Kafin mu fito Sista ta ɓare sabo ta koya mata daga farko, ta nuna mata yadda ake barin zaren a waje da yadda ake ja, ta ce in ta taɓa jin zazzaɓi da shi a jiki ta cire ta zo. Ta sa ta maimaita. Muhibbat ta shiga banɗaki ta fito, Sista ta tare ta a ƙofa ta ce, "Igiya fa?" Ta ce, "Yana nan, Sista, ko kallon banza ban yi masa ba."

Rana ta yi ja da muka fito baranda. Motar Kalilu na fake a bakin get, kujerun haya na nan a baya ko sauke su bai yi ba. Shi kuma yana zaune a benci, hularsa a hannu, ya murɗe ta ta zama tsumma. Yana ganin mu ya miƙe, ya dubi matarsa daga sama har ƙasa. Muhibbat ta harare ni, na ce ni wuri kawai na faɗa, na miƙa mata almakashinta ta rataya.

"Lafiya?" ya ce. "Me ya same ki? Ke da asibiti?"

"Lafiya lau, Malam."

Wajen loda kujeru wani abu ya ja masa hannun kaftani, zare ya fito yana reto a wuyan hannunsa. Na gani, na san ita ma ta gani. Hannunta ya tafi wuya, ya tsaya a kan almakashin. Sai ta sauke shi, ta kama zaren nan ta naɗe a yatsa, ta ɗan jawo shi da shi.

"Ran Litinin kada ka je Assakio," ta ce. "Za mu dawo nan, ni da kai, a duba mu."

Kalilu ya kalle ni, na kalli sama. Ya kalli Sista, ta shige ciki tana dariya. Idonsa ya kawo ruwa, ya sa murɗaɗɗiyar hular a kai a karkace.

"Allah ya kai mu," ya ce.

A hanyar dawowa ni na zauna a bakin ƙofa, ita a tsakiya. Ta zauna daram a kan kujera, duk ramin da muka faɗa ko gezau, kuma har muka shigo Bukan Sidi zaren na naɗe a yatsanta.